Neman shawara: wace mota mai okzilari zan saya don shiga daji da hawan Mambila?

ɗan_Samaru

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar mota ku matso kusa, shawara nake nema kuma da gaske nake.

Ni dai Corolla nake hawa yau shekara 9, daga Samaru zuwa Kongo zuwa cikin gari, bata taɓa bani kunya ba. Amma a watan Agustan da ya wuce mun je ɗaurin aure wani ƙauye can bayan Soba, da muka sauka daga kwalta muka hau burji sai ga wani wuri ruwa ya kwanta, na ga sawun babura na ɗauka ba zurfi, ina shiga mota ta zauna daram, cikinta ya kwanta a laka tayoyin gaba na ta juyi a banza. Ga maiɗakina da yara uku a ciki ga hadari ya haɗo ta gabas. Sai da mutanen ƙauyen suka kwanto shanun huɗa aka ɗaura igiya sannan muka fita, Allah ya saka musu da alheri, bamba ta tsage, ɗaurin aure kuwa mun tarar har an shafa fatiha. Muna nan tsaye wata tsohuwar Hilux ɗauke da buhunan taki ta zo ta ratsa wurin ko gezau.

Tun ranar abin ya tsaya min a rai. Dama na daɗe ina son in riƙa fita da iyali lokacin hutu yara su ga ƙasarsu da idonsu, Yankari, tsaunin Mambila, dajin Gashaka, in Allah ya nufa har tuddan yashin nan na Yusufari a Yobe da nake gani a hoto. In na haɗa abinda na tara da kuɗin Corolla zai kai wajen miliyan 20.

Wani dillali a PZ ya nuna min Highlander 2010 fes da ita yace fowil ce, wato mai jan taya huɗu, ba inda ba zata shiga ba. Abokina yace Prado 2007 zan nema. Ƙanin matata kuma Hilux kawai yake kira. Sannan akwai wata 4Runner Beljiyam da na gani a Kaduna ta shiga raina sosai. Wacce ta fi? Fetur ko gas, wato dizal? Kuma me zan duba kafin in biya? Nagode.

Injiniya_Kwangila

Wa alaikumus salam Malam. Shekarata 22 ina kwance ƙarƙashin motocin nan, bari in fara da wadda zaka cire a lissafi.

Highlander mota ce mai kyau amma ta kwalta ce. Ƙasanta na Camry ne aka ɗaga, bata da shasi daban, kuma bata da ƙaramar giya. Ko wadda ke juya taya huɗun ce, abinda ya cinye Corolla ɗinka zai iya cinye ta, sai dai ta ɗan ƙara taku biyu kafin ta zauna. Abinda muke kira okzilari shine ka ga ƙaramin liba kusa da giya ko wani maɓalli da aka rubuta 4L ko L4. Shi ne yake rage gudu ya ninka ƙarfi, mota ta riƙa tafiya kamar tarakta a hawa ko a caɓi ba tare da ka ƙona kuloci ba. In babu 4L ka yiwa dillalin godiya ka wuce.

4Runner kuma ka buɗe ido, dan da yawa cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka tayoyin baya kawai suke ja, jiki iri ɗaya tsawo iri ɗaya amma ba okzilari ko kaɗan. Kar ka yarda da rubutun jikin but, sitika ce ana sayarwa. Ka shimfiɗa kwali ka leƙa ƙasa da kanka: bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwati, daga shi farfela biyu ke fita, wato dogayen ƙarafan da ke kai juyi ga tayoyi, ɗaya baya ɗaya gaba. In ka ga ɗaya ce tak to ko dai motar dama ba fowil bace ko kuma an kwance ta gaban. Wannan na biyun ina ganinsa kullum a motocin da aka hau a gida, abu ya fara ƙara a gaba mai ita baya son kashe kuɗi sai a cire farfela a jefa bayan gareji, mota na tafiya lafiya a gari, ranar da ka shiga laka ka ja liba fitila ta kawo amma tayoyin gaba suna barci.

Kuma ko ka ga farfela kar ka biya sai an gwada. Ku fita da ita bayan gari inda ba kwalta, hanyar Kufena ma ta isa, ka tsaya cak ka sa giya a firi ka shigar da 4L, ka ji yadda ta shiga ka ji yadda ta fita, ka nemi ɗan tudu mai tsakuwa wani ya tsaya a waje ya ga ko na gaba suna tono. Ka sa a kwance noti a ga man aksil, in ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga. Ka bi shasi da tocila kana neman walda ko tsatsa, motocin da suka fito daga garuruwan ƙanƙara gishirin da ake zubawa a titi yana cin ƙasansu, sama na sheƙi ƙasa na ɓarewa kamar ɓawo. Takardun kwastan kuma ka kai a tantance maka kafin kuɗi su bar hannunka, tunda tafiyar da kake so shinge ne bayan shinge.

Tsakanin Prado da Hilux ni Prado zan ce maka saboda iyali. Wannan samfurin da aka yi daga 2002 zuwa 2009 kullum taya huɗu take ja, ba sai ka tuna komai ba, in wuri ya ɓaci ka kulle tsakiya, wato ka haɗe tayoyin gaba da na baya su riƙa juyi tare. Hilux kuwa 2H take tafiya a kwalta, wato tayoyin baya kawai, sai ka sauka ƙasa ka sa 4H ta ja da huɗu, kuma in ka manta ka hau busasshiyar kwalta da 4H kana shan kwana zaka ji sitiyari ya yi tauri tayoyi na kuka, to ƙarfe ne ke murɗe ƙarfe a ciki, mutane da yawa sun kashe okzilari ta haka. A Prado ka nemi mai inji 4.0 V6, mai 2.7 bata da laifi a gari amma da mutum biyar da kaya a kan hawa zaka tausaya mata. Ka guji mai balan-balan ɗin iska a baya, sifirin na ƙarfe shi ne naka.

Abu na ƙarshe, kar ka zuba miliyan 20 ɗin duka a mota. Ka ware aƙalla 3 na taya biyar da shokazoba da bushin da canza duk wani mai da ke cikinta.

Tsohon_Direba

Salamu alaikum. Ɗana ne ya nuna min wannan magana yace in sa baki, shi yake rubuta min. Na yi tuƙi shekara 27 a wani aikin rigakafi da haƙar rijiyoyi, Taraba, Adamawa, Yobe, Borno babu inda ban kwana ba, yanzu ina zaune Tudun Wada.

Injiniya ya faɗi gaskiya amma ni a wurina mota ɗaya ce, Land Cruiser mai ƙirar akwati, wadda suka fara tun 1984 har yau basu canza mata kamanni sosai ba. Wadda na riƙe mai dogon bodi ce mai inji 1HZ, gas, silinda 6, lita 4.2, ba tabo ba kwamfuta. Tanki biyu gareta kowanne lita 90. Bata gudu, tirela ma sai ka yi lissafi kafin ka wuce ta, kuma tana jijjiga mutum har ƙashi, amma duk abinda ya same ta a daji da sifana da filaya zaka taso ta. Tamin bel kawai zaka kiyaye lokacinsa. Na san kuɗinka da wuya su kawo mai lafiya dan masu ita basa saki, na faɗa ne ka san ma'aunin da zaka auna sauran: wadda bakaniken Serti ko na Gashuwa zai buɗe ya gane, kuma kayanta na rataye a shagon garin.

Maganar Mambila, yaro ka saurara da kyau. Daga nan ka bi Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos, Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo, Bali, Serti. Kwana biyu ce tafiyar in da iyali, kar wani ya zuga ka. Bayan Mayo Selbe hawa yake farawa, kwana kan kwana, dutse a hannu ɗaya rami a ɗaya hannun. Har Gembu akwai kwalta duk da ta mutu a wurare, ƙananan motocin haya ma suna hawa, okzilari sai zaka bar babban titi zuwa ƙauyuka da rugage ko cikin Gashaka, can ne zaka ga tsofaffin Land Rover na aikin da ba mai iya yi. Hawa ba shi ne abin tsoro ba, gangara ce. Na taɓa tarar da wata jif sabuwa dal a gefen hanya birkinta na hayaƙi, mai ita ya taho tun daga sama ƙafarsa na kan birki har man ya tafasa feda ta tafi ƙasa, Allah ne ya sa ya samu jikin dutse ya goga ta. Giyar da ka hau da ita da ita zaka sauko. In otomatik ce ka jawo ta 2 ko L, inji ya riƙe mota, birki ka riƙa taɓawa kana saki.

Yashi kuma wani karatu ne daban. Sabon shiga yana ganin taya ta fara nutsewa sai ya ƙara wuta, to kabari yake haƙa mata. Sirrin iska ne. In iskar tayarka na kan 32 ko 35 a geji ka sauke ta zuwa 18 ko 20, sai ta baje ta hau saman yashin kamar tafin raƙumi, ka tafi a hankali ba shan kwana da ƙarfi kar taya ta fita daga wili, in ka dawo ƙasa mai tauri ka mayar da iskar nan take. Dan haka famfon iska mai aiki da batir da geji dole ne, ba mai faci a can. Ka fita da sassafe yashi na da sanyi ya fi riƙe mota, da azahar ya zama gari. In ta kafe ka sauka ka tone gaban tayoyi huɗun da shebur, ka sa katako ko tabarmin ƙafa, ka fita da baya ta sawunka. Jak kuma sai da faffaɗan katako a ƙasansa.

Ruwa, duk wanda baka ga wata mota ta ratsa a gabanka ba ka naɗe wando ka shiga da sanda. In ya wuce gwiwa ko yana ja ka jira, rafin dutse awa biyu ya janye. Inji in ya sha ruwa ta hanci ya gama.

Kuma kar ka tafi da mota ɗaya. Mu ko da rediyo a mota bama shiga yashi sai biyu, da ɗan gari a gaba. Yusufari sai ka sami wanda aka haifa a wurin, sawu goma zaka gani sun rabu kuma duk kama ɗaya.

Maman_Biyu

Slm. Ni haifaffiyar Nguroje ce aure ya kawo ni Zariya, duk shekara muna zuwa gida dan haka bari in faɗi abinda maza basa lura dashi. Mun yi shekara 4 da Hilux mai ƙofa huɗu, wlh kujerar bayan nan a miƙe take kamar bencin makaranta, kafin mu kai Gombe yara sun fara kuka ni kuma bayana ya riƙe, in ba kaya a baya kuma tsalle take yi a kowane rami. Kayanmu a buɗe, ƙura ta shiga ruwa ya shiga duk tamfol ɗin da aka ɗaura, in an tsaya sallah ko cin abinci sai wani ya zauna gadi. Mota ce ta aiki ba ƙarya, maigidan har gona yake kai taki da ita, amma in dan yawo da iyali ne ka ɗauki matarka ku je tare ta zauna a baya a zaga da ita kafin ka saya.

Sannan ka shirya ma sanyi, mutanen Zariya suna ganin sun san hunturu, can sama tsawon ya haura mita 1,500 da damina hazo yake rufe hanya da rana tsaka baka ganin gabanka, ku tafi da rigunan sanyi da bargo da safa na yara. Lokacin da ya fi daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hanya ta bushe kuma ciyawa bata gama ƙonewa ba. Ku je Kakara ku ga gonar shayi yara zasu ji daɗi. Chappal Waddi dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya mita 2,419 yana yankin amma wannan tafiyar ƙafa ce ta kwanaki ba ta mota ba, kar yara su sa rai. Gashaka kuma a Serti ofishinsu yake, nan zaka fara zuwa su haɗa ka da ma'aikaci.

Abinda na fi so in faɗa shine tsaro dan Allah. Mu ƙa'idarmu ƙarfe 5 na yamma ta same mu a garin da zamu kwana, bama fita sai gari ya waye motocin haya sun fara wucewa, kuma maigidan sai ya shiga tasha ya tambayi direbobi labarin hanya a ranar, ba labarin makon jiya ba. In suka ce a dakata mun dakata. Babbar jif mai baƙin gilashi ido take ja, gara mai kalar da ba ruwan kowa. Kar ka sa hoto a Facebook kana cewa gamu a wuri kaza sai kun bar wurin. Ruwan sha jarka biyu, garin kwaki da ƙuli da dabino, maganin zazzaɓi da na amai dan kwane-kwanen hanyar nan suna juya cikin yara, layin waya biyu na kamfani daban, da tsabar kuɗi dan ba ko'ina tiransifa ke tafiya ba.

Sabon_Gari_Boy

Oga duk kun manta da Pajero da Patrol. Pajero sau 12 tana cin gasar tseren motoci ta Dakar fa, kuma kuɗinta bai kai na Prado ba zaka samu canji mai kauri. Sunan Toyota kawai ake saya a ƙasar nan. Patrol Y61 kuma aksil ɗinta ƙarfi gare shi ku tambayi larabawa. Kuma gsky tunda aka cire tallafin mai a Mayun 2023 duk mai V6 kuka yake, ni dai gas zan ce ya nema.

Injiniya_Kwangila

Ƙanina ban ƙi maganarka ba, Patrol ƙarfe ce Pajero ma mota ce, na gyara su na sani. Amma wadda ta ci Dakar da tirelar kayan gyara a bayanta take tafiya. Malam shi kaɗai zai tafi da yara. In wil biyarin ya mutu masa a Bali, na Hilux ko Prado zai iya samu a garin ko a sako masa daga Jalingo a motar haya kafin la'asar, na Pajero sai an buga waya Panteka ko Kofar Ruwa, wani lokacin har Ladipo, yana zaune a masauki kwana uku. Canjin da ya samu wurin saye a nan zai tafi.

Maganar gas, Baba Tsohon Direba Allah ya ƙara girma, gas ɗin da kuka sani ba shi ne na yanzu ba. 1HZ famfonta na ƙarfe ne, ko man ya ɗan sha ruwa ka zubar a filta ka wuce. Na yanzu irin D-4D da ke cikin Hilux da Prado nozul ɗinsu da kwamfuta yake aiki da matsi mai tsanani, jarka ɗaya ta gurɓataccen gas a bakin hanya ta isa ta kashe nozul huɗu, kuɗinsu kuma ya sayi babur sabo har da canji, sannan ba kowane gari ke da mai na'urar saita su ba. Eh gas ya fi tafiya mai nisa a lita kuma ya fi ƙarfin ja a hawa, wanda zai riƙa cin dubban kilomita duk wata zai ga riba. Amma mai fita sau biyu ko uku a shekara sauran kwanaki yana Samaru zuwa Kongo, fetur ya fi masa kwanciyar hankali. V6 ɗin nan da 2.7 duk sarƙa ce ke tamin ɗinsu ba bel ba, kowane bakanike ya san su. Shan mai kam tana sha, wadda nake kula da ita ta wani Alhaji lita 14 zuwa 15 take ci a kilomita 100 a doguwar hanya, ka yi lissafinka da haka tun yanzu, zai kusa ninka abinda ka saba a Corolla.

Na manta taya. Ka sa AT, masu ɗan manyan haƙora, lambar Prado 265/65 R17, guda biyar iri ɗaya har safaya. Kar ka sa Beljiyam. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu bayan DOT, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, taya na iya nuna haƙora sabbi alhali ta tsufa a sito, zafin hanyar Numan zai fasa ta. Kuma in za a ja ka kar a taɓa ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela ko a bamba, ƙwallon nan in ya tsinke harsashi ne, akwai ƙugiyar da ke jikin shasi ita ake nema, kowa ya matsa nesa. Manyan fitilu da kariya da tanti na saman mota duk ka bari tukuna, nauyi a sama yana sa mota rangaji a kwana.

ɗan_Samaru

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Hajiya na karanta wa maiɗakina naki tace a gaishe ki, tace dama ita Hilux ɗin bata kwanta mata ba.

Jiya bayan la'asar na shiga Kaduna wurin 4Runner ɗin nan da kwalina a hannu, na kwanta na leƙa kamar yadda Injiniya yace, farfela ɗaya ce, gaban ma ba aksil sam, ga sitika ɓaro-ɓaro a but an rubuta 4x4. Jikina sai da yayi sanyi dan saura kaɗan in bada kafin alƙalami satin da ya wuce. Highlander ma na kira na ce na fasa.

Yanzu Prado V6 nake nema mai sifirin ƙarfe, akwai biyu da aka min magana ɗaya a Kano ɗaya nan Hanwa. In ta samu mun yanke da abokina mai Hilux mu fara gwaji nan kusa wajen Shika ranar wata Asabar mu koyi 4L da sauke iska da mayarwa, hutun Disamba mu yi Yankari yara su yi wanka a Wikki, Mambila sai mun ga yadda motar ta yi a wannan tafiyar. Injiniya dan Allah in ba damuwa zan biya ka ladan ranarka ka raka ni ganin ta Hanwa, mai ita yace dashbod ya tsattsage kuma fitilar okzilari tana ƙiftawa kafin ta tsaya, wannan ƙiftawar matsala ce babba ko ƙarama?

Injiniya_Kwangila

Tsagewar dashbod ciwonsu ne duka, rana ce, kar ta dame ka. Ƙiftawa in ta yi sau biyu uku ta tsaya daidai ne, in ta ƙi tsayawa to ƙaramin moton da ke kulle tsakiya ne ya daskare dan an daɗe ba a taɓa shi ba, wani lokacin wanki yake so wani lokacin canji, sai mun ji da kunne. Ka ce masa kar ya tada ta kafin mu zo, da sanyinta nake so in ji inji. Asabar ƙarfe 8 ka same ni ƙarƙashin gadar Kwangila, ka taho da tocila.